Farin wata da zirga-zirgar barewa: abin da binciken dazuzzukan Pensilbaniya ya gano

Jihar Pensilbaniya da ke arewa maso gabashin Amurka tana cikin wuraren da farautar barewa mai farar wutsiya ta fi ƙarfi a ƙasar. Dubban ɗaruruwan mutane ne ke yankar lasisi kowace shekara, kuma ƙiyasin Hukumar Kula da Namun Daji ta jihar, wadda aka kafa tun 1895, ya nuna cewa a shekarun baya-bayan nan ana harbe bareyi fiye da 400,000 a kakar farauta guda. A ƙauyuka da yawa har makarantu ake rufewa ranar Litinin ta farko ta lokacin farauta da bindiga. Sai dai doka ta ƙayyade komai: lokacin bindiga kimanin mako biyu ne a ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba, na baka da kibiya yana farawa wajen farkon Oktoba, kuma ba a yarda a harbi barewa ba sai daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Ma'aikacin da ke da 'yan kwanakin hutu ƙalilan a shekara dole ne ya zaɓi ranakun da zai kashe a daji, saboda haka tambayar da ke damunsa tun cikin bazara ita ce wace rana ce barewa za ta fi yawo da rana. Amsar da mafarauta da dama suka gada daga iyaye da kakanni ita ce a dubi wata.

Maganar wata a bakin mafarautan Amurka kashi uku ce, kuma kyautuwa ya yi a rarrabe su, domin kowacce da irin hujjar da za ta tabbatar da ita ko ta rushe ta. Ta farko, wadda ta fi tsufa kuma ta fi yaɗuwa, tana cewa idan wata ya cika barewa takan kwana tana kiwo a farin wata, gari na wayewa sai ta nemi makwanci da cikakken ciki, mafarauci ya yini yana dako a banza. Ta biyu ta samo asali ne daga John Alden Knight, wani masunci kuma marubuci da ya zauna a garin Williamsport na wannan jiha, wanda a 1926 ya fito da ra'ayin cewa kifi da namun daji sukan fi motsi idan wata yana tsakar ka ko yana daidai ƙarƙashin ƙafa a ɗaya ɓangaren duniya, sannan su ɗan motsa lokacin fitowarsa da faɗuwarsa. Ya fara buga jadawalinsa a 1936, kuma har yau ana sayar da irinsa, yanzu ma a manhajojin waya. Ta uku ita ce ta Charles Alsheimer, marubuci kuma mai ɗaukar hoton namun daji, tare da Wayne Laroche, masanin halittu daga jihar Vermont. Su cewa suka yi cikar wata ta biyu bayan ranar da dare da rana ke daidaita a watan Satumba ita ce ke tayar da lokacin barbara, wato lokacin da mazan bareyi ke manta tsoro su bi mata ido rufe. Shekaru da dama mujallun farauta suna buga hasashensu, mutane kuma suna tsara hutunsu a kansa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira shirme tun kafin a gwada. Wata yana jan ruwan teku, yana sauya hasken dare sosai, kuma akwai halittu da dama da rayuwarsu ke bin sa. Wanda ya ce dabbar da ke yawo da dare za ta kula da haske bai faɗi abin dariya ba. Abin da ya daɗe yana hana a yanke hukunci shi ne rashin hanyar sanin abin da barewa ke yi a sa'o'in da babu mai ganinta.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan hanyoyi ta samu a 2013, lokacin da aka fara wani dogon bincike mai suna Binciken Barewa da Daji, wanda Jami'ar Jihar Pensilbaniya, da Hukumar Kula da Namun Daji, da Sashen Gandun Daji na jihar, da Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka suka haɗa hannu a kai, Duane Diefenbach kuma ya kasance cikin jagororinsa. Ba don wata aka kafa shi ba. Matsalar da ta haife shi ita ce ta daji: a farkon ƙarni na 20 barewa ta kusa ƙarewa a jihar har sai da aka riƙa kawo wasu daga waje ana saki, daga baya kuma ta yi yawan da take cinye 'ya'yan itatuwa tun suna tsiro, dazuzzuka suka kasa sabunta kansu. Ana so a gane alaƙar yawan barewa da lafiyar ƙasa da tsirrai da kuma halin mafarauta. An zaɓi wurare a gandun dajin gwamnati uku, Rothrock da Bald Eagle a tsakiyar jihar, da Susquehannock a arewa. Duk hunturu, ma'aikata kan kama bareyi da raga ko da tarko mai kama da keji, su sanya musu alama a kunne, wasu kuma a ɗaura musu abin wuya mai na'urar GPS, wadda ke rubuta inda dabbar take lokaci zuwa lokaci ta hanyar tauraron ɗan'adam. A lokacin farauta da bindiga na'urar kan rubuta wurin duk minti 20. Da haka aka tara bayanai masu ɗimbin yawa na tafiyar barewa dare da rana, a farin wata da duhunsa, cikin ruwa da iska, ba tare da kowa ya tsaya kusa da ita ya razana ta ba.

A 2017 masu binciken suka waiwayi maganar wata, kuma suka fara da tambayar mutane abin da suka yarda da shi. Fiye da mutum 1,600 suka amsa, kuma kashi 12 cikin ɗari ne kawai suka ce wata ba ya tasiri ga motsin barewa. Sauran sun ce yana tasiri, wasu kaɗan, wasu sosai. Daga nan wata ɗaliba a jami'ar ta ɗauki bayanan manyan bareyi mata na watan Oktoba ta yi nazarinsu. Zaɓen nan na mata da na Oktoba shi ne, a ganina, mafi hikima a aikin gaba ɗaya. A Nuwamba barbara takan rikita tafiyar kowace barewa, daga ƙarshen watan kuma ƙarar bindiga ta cika daji, don haka duk wani bambanci da aka gani a lokacin ba za a san na wata ne ko na waɗannan ba. A Oktoba kuwa mace tana harkarta ta yau da kullum, daga makwanci zuwa wurin kiwo, daga wurin kiwo zuwa makwanci, kuma idan har wata yana da iko a kanta, a nan ne ya kamata ya bayyana a fili. An kasa darare gida uku bisa yawan fuskar watan da ke da haske: duhun wata, da tsaka-tsaki, da cikakke ko kusa da cika. Sannan aka auna nisan da kowace barewa ke yi a awa guda, a kowane sashe na yini da dare.

Sakamakon ya nuna tsari guda a duk rukunan uku. Barewa takan tashi da ƙarfi da asuba zuwa fitowar rana, ta lafa da hantsi, ta yi ɗan motsi kaɗan da tsakar rana, ta sake tashi da almuru, sannan ta ci gaba da kai-komo a matsakaicin hali cikin dare. Da aka zana layukan rukunan uku a takarda ɗaya, kusan hawa juna suka yi. Bambancin da aka samu tsakanin cikakken wata da duhun wata bai kai mita 10 a awa ba, wato 'yan taku ne da dabba za ta yi tsakanin wannan tsiro da wancan. Abin da aka fi yarda da shi, cewa daren farin wata kan jawo yinin kwanciya, bai fito ba ko kaɗan: barewar da ta kwana a farin wata ta tashi da asuba kamar yadda ta saba tashi bayan dare mai duhu.

Jikin dabbar ma yana bayyana dalili. Idon barewa an gina shi ne don ƙarancin haske. Ƙwayoyin da ke gani a duhu sun fi yawa a cikinsa nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da na mutum, baƙin idonta yana buɗewa sosai, kuma a bayan idon akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, wanda ke sa hasken da ya shiga ya ratsa ƙwayoyin gani sau biyu. Shi ne ke sa idonta ƙyalli idan fitilar mota ta haske ta. Dabba mai irin wannan ido ba ta jiran wata kafin ta ga abincinta, ga kuma hanci da kunne da take dogara da su fiye da ido. Sannan barewa mai tuƙa ce, cikinta gida huɗu kamar na akuya da saniya, kuma duk makiyayi ya san cewa irin wannan ciki ba a cika shi sau ɗaya a huta yini guda. Takan ci, ta kwanta ta yi tuƙa, bayan 'yan sa'o'i tumbin ya nemi ƙari, ta sake tashi. Wannan zagaye yana maimaituwa sau da dama a yini da dare, ko da wata ko babu, don haka tunanin cewa za ta ƙoshi da dare har ta ƙi kiwo washegari ya saɓa wa yadda cikinta ke aiki.

Maganar barbara ta fi wannan nauyi, domin a kanta ne mutane ke ɗora hutunsu, kuma a nan Pensilbaniya tana da hujja ta daban wadda ba ta dogara da na'ura ba. Shekaru da dama a farkon wannan ƙarni, jami'an Hukumar Kula da Namun Daji sun riƙa duba bareyi mata da mota ta buge a ƙarshen hunturu da bazara, suna auna tsawon ɗan tayin da ke cikinsu. Da yake an san yadda ɗan tayin barewa ke girma kwana bayan kwana, daga tsawonsa ana iya ƙirgawa baya a gano ranar da cikin ya shiga, da kuskuren 'yan kwanaki kawai. An duba dubban bareyi ta wannan hanya daga sassan jihar. Abin da ya fito shi ne mafi yawan ciki yana shiga ne tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Disamba, kuma ganiyar abin tana tsakiyar Nuwamba, bana kamar bara, bara kamar bara waccan.

Wanda ya saba da kalandar Musulunci zai fi kowa saurin gane abin da wannan ke nufi. Wata yana zagayowa ne cikin kimanin kwana 29 da rabi, shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi ke matsowa kowace shekara. Cikar watan da Alsheimer da Laroche suka dogara da ita haka take yawo. A 2015 ta faɗo ranar 27 ga Oktoba, a 2016 ranar 14 ga Nuwamba, a 2017 ranar 4 ga Nuwamba, a 2018 kuma ranar 24 ga Oktoba. Tsakanin ta 2016 da ta 2018 akwai mako uku cur. Da a ce ita ce ke buɗe barbara, da ranakun shigar ciki sun riƙa gaba da baya da irin wannan tazara, kuma ma'aunin ɗan tayi, wanda kuskurensa bai kai haka ba, da ya kama su. Bai kama ba. A shekarun da aka duba, cikar wata ta yi ta sauya rana, tsakiyar lokacin shigar ciki kuma ta tsaya inda take, ba ta wuce motsin 'yan kwanaki ba.

Akwai dalilin da ya sa dole ta tsaya. Barewa tana ɗaukar ciki kimanin kwana 200. Cikin da ya shiga a tsakiyar Nuwamba za a haife shi a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, daidai lokacin da sanyi ya wuce, ciyawa da ganye suka yi yawan da uwa za ta samu nono, ɗan kuma ya samu inda zai ɓuya. Idan aka haife shi da wuri sanyi da yunwa za su iya kashe shi, idan kuma aka makara ba zai yi ƙwarin da zai jure hunturu na gaba ba. Dabbar da rayuwar 'ya'yanta ta rataya a kan irin wannan ɗan lokaci tana buƙatar agogon da ba ya sauyawa daga shekara zuwa shekara, kuma agogon shi ne tsawon yini. A Pensilbaniya yini yakan kai kimanin awa 15 a watan Yuni, ya sauko zuwa awa 9 da 'yan mintuna a Disamba, bambancin da ya ninka wanda ake gani a Kano ko Zinder sau da yawa. Ido yana isar da labarin haske ga ƙwaƙwalwa, wata 'yar ƙaramar gaɓa a cikinta kuma tana fitar da sinadarin melatonin muddin akwai duhu. Yayin da dare ke ƙara tsawo a kaka, sa'o'in fitar sinadarin suna ƙaruwa, wannan kuma shi ke tayar da sinadaran haihuwa: wuyan namiji ya kumbura, ya goge ƙahonsa a jikin itatuwa, mace kuma ta shiga neman barbara na kimanin yini guda, wanda idan ciki bai shiga ba zai dawo bayan kwana 28 ko kusa da haka. Kusancin wannan adadi da kwanakin wata na cikin abin da ya sa ra'ayin ya yi daɗin ji, amma kusancin adadi bai zama shaida cewa ɗaya ne ke juya ɗayan ba. Hasken cikakken wata kuwa ya gaza na rana da kimanin ninki 400,000, ga gajimare da ke rufe shi a darare da yawa na kaka, ga inuwar daji.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ba ta buƙatar lissafi. Wata ɗaya ne ke cika a dare ɗaya a kan duniya baki ɗaya, amma barewa mai farar wutsiya ba ta barbara a lokaci ɗaya. A wasu sassan jihar Alabama sai Janairu ko Fabrairu, a kudancin Filorida kuma tun Yuli da Agusta, kowane yanki da lokacinsa da ke dawowa shekara-shekara. A 1905 an kai irin wannan barewa ƙasar New Zealand, inda yini ke raguwa a lokacin da yake ƙaruwa a Amurka, kuma zuriyarsu a can suna barbara ne wajen Afrilu da Mayu, wato sun juya da rabin shekara sun bi tsawon yinin sabon wurin. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, kamar Banizuwela, inda tsawon yini bai cika sauyawa ba, ana samun haihuwa a kusan kowane lokaci na shekara.

Pensilbaniya ba ita kaɗai ta yi irin wannan gwaji ba. Wani bincike da aka buga a 2010 kan bareyin jihar Oklahoma bai ga tasirin surar wata a kan tafiyarsu ba. A Jami'ar Jihar Misisipi an bi maza kusan 50 da na'urar da ke rubuta wurinsu duk minti 15, aka gwada surar wata da matsayinsa a sama, aka tarar da bambancin da bai kai a kula da shi ba. A Karolina ta Arewa an ga cewa asuba da almuru su ne ganiyar motsi a kowace sura ta wata, ko da yake an lura da ɗan sauyi kaɗan a sauran sa'o'i.

Duk da haka, adalci ne a faɗi abin da ke ɗaya ɓangaren, domin ba fanko yake ba. Masu bincike daga Jami'ar Auburn, da suka bi mazan bareyi a Karolina ta Kudu, sun ba da rahoton wata 'yar alaƙa tsakanin motsinsu da wasu daga lokutan jadawalin Knight, ko da yake alaƙar ba ta tafi bai ɗaya a duk surorin wata ba. Nazarin haɗurran mota a Turai da Amurka ya nuna cewa karo da barewa yakan ƙaru a dararen da wata ya cika, abin da zai iya nufin cewa haske yana sauya inda dabbar ke zuwa, kamar fitowa fili ko ƙetare titi, ko da bai sauya yawan tafiyarta ba. A Tanzaniya kuma, binciken Craig Packer da abokan aikinsa na 2011 ya gano cewa zakuna sun fi kai wa mutane hari a kwanakin da ke bin cikar wata, lokacin da farkon dare ke da duhu kuma mutane ba su riga sun shiga ɗaki ba. Wata yana da tasiri a kan dabbobi, wannan ba abin musu ba ne. Nazarin Pensilbaniya ma yana da iyakarsa. Mata kawai ya duba, a wata ɗaya na shekara, a cikin manyan dazuzzuka masu duhuwa inda gonaki ba su da yawa. Na'urar tana auna miƙaƙƙen layi ne tsakanin wuri da wuri, alhali dabba ba ta tafiya a miƙe, saboda haka nisan gaskiya ya fi wanda aka rubuta. Kuma daren da kalanda ta ce wata ya cika zai iya zama dare mai hadari da baƙin duhu. Waɗannan dalilai ne na ci gaba da bincike, amma ba su ceci da'awar asali ba, domin da'awar ba ta ce akwai ɗan tasiri ɓoyayye da sai an tono shi da lissafi ba. Cewa ta yi tasirin yana da girman da mutum zai gani da idonsa daga kan bishiya har ya tsara shekararsa a kai, kuma tasiri mai wannan girma ba zai ɓuya wa dubban bayanan na'ura a jihohi daban-daban ba.

Abin da na'urorin suka nuna da ƙarfi, har ba a buƙatar ƙwararre kafin a gane shi a taswira, shi ne tasirin mafaraucin kansa. Da zarar an buɗe lokacin bindiga, mutane da motoci suka cika hanyoyin daji, bareyin da ake bi sukan sauya hali nan take. Da rana sukan takure a ɗan wuri, sau da yawa a gefen tudu mai wuyar hawa ko cikin sarƙaƙiya nesa da hanya, inda iska ke kawo musu warin duk mai tahowa kuma suna da hanyar tsira ta baya. Idan dare ya yi sai su fito su yi harkarsu, kafin asuba su koma. Da yawa daga cikin waɗanda aka ɗaura wa na'ura sun ƙare lokacin farauta da ransu a dajin da mafarauta ke rantsuwa cewa babu barewa a cikinsa. A Nuwamba kuma barbara kan faɗaɗa yawon maza ƙwarai, har su wuce iyakar wuraren da suka saba. Waɗannan biyun, tare da asuba da almuru, su ne manyan abubuwan da ke juya tafiyar barewa, kuma duk abin da wata ke yi, idan ma yana yi, yana nitsewa a ƙarƙashinsu.

Ya rage a tambayi dalilin da ya sa mutanen da suka shafe shekaru a daji, waɗanda suka san sawu da kashi da makwanci fiye da kowane ɗalibi, suka riƙe abin da ma'auni bai tabbatar ba. Ban ga alamar ƙarya ko wauta a cikin lamarin ba. Mafarauci yana zaune ne a wuri ɗaya, yana ganin abin da bai fi 'yan mita ba a kewayensa, na 'yan sa'o'i, a 'yan kwanaki cikin shekara, kuma da rana kaɗai. Ranar da bai ga komai ba yana buƙatar dalili, ga kuma wata a sama wanda kowa ya gani jiya da dare. Ranar da ya yi sa'a a cikar wata ba ya ɗora sa'ar a kan wata, don haka ba ta shiga lissafinsa. Wanda ya yarda da jadawali kuma yakan fita a ranakun da jadawalin ya yaba, ya zauna da haƙuri da natsuwa, ya ƙi fita a sauran, saboda haka duk barewar da ya taɓa harbi a ranar da aka ce mai kyau ce ya harbe ta, sauran ranakun kuwa bai ba su damar ƙaryata shi ba. Akwai kuma abin da farin wata ke yi wa idon mutum. A daren sha huɗu mai wucewa yana hango bareyi suna kiwo a gona, sai ya ɗauka daren ne ya fito da su, alhali a duhun wata ma suna nan, shi ne ba ya gani. Maharban Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da ke farautar gada da fitila a goshi sun san wani ɓangare na wannan: sun fi son duhun wata, domin a lokacin ne fitila ke ɗaure idon dabba ta tsaya, ita kuma ba ta hango mai tahowa. A can wata yana sauya sakamakon farauta da gaske, amma ta hanyar abin da maharbi da dabba ke iya gani na juna. A Pensilbaniya, inda doka ta hana harbin barewa da dare, wannan hanya a toshe take.

Asarar da wannan yarda ke jawowa tana da sauƙin aunawa. Mutumin da ya bi hasashen 2018 ya ɗauki hutunsa a ƙarshen Oktoba, ya koma aiki a daidai makonnin farkon Nuwamba da maza suka fi yawo da rana suna neman mata. Wanda ya ƙi fita da asuba don wata ya cika ya bar ɗaya daga cikin lokuta biyu mafi kyau na yini. Ga hukumar da ke tsara lokutan farauta kuwa, tsayuwar ranakun barbara abu ne mai amfani ƙwarai, domin yana ba ta damar sanya lokacin bindiga bayan ganiyar barbara kowace shekara ba tare da duba kalandar wata ba, ta yadda mafi yawan mata sun riga sun ɗauki ciki kafin a rage yawan maza. Ko da aka mayar da ranar buɗe lokacin bindiga daga Litinin zuwa Asabar a 2019, sauyin da ya jawo muhawara mai zafi a jihar, abin da aka yi ta jayayya a kai shi ne al'adar sansanonin farauta, da cinikin ƙananan garuruwa, da damar ma'aikata da 'yan makaranta su samu fita.